Hana ɗan haya kiwo ko barinsa da sharaɗi: wanne ya fi wa mai gida?

Wani Alhaji ya kawo mana tambaya. Yana da gidajen haya biyu a Sakkwato: ɗaya a Mabera, ɗakuna shida da tsakar gida ɗaya, ɗayan kuma a Arkilla, gidan iyali guda mai ƙofarsa da katangarsa. Wanda zai kama na Arkilla ya ce zai turke raguna huɗu, zai kuma kawo kare saboda gadi. A na Mabera kuwa wata 'yar haya ta riga ta fara kiwon kaji ba tare da ta tambayi kowa ba. Alhaji yana son ya san ko ya hana kiwo baki ɗaya, ko ya bari da sharaɗi.

Ranka ya daɗe, duka hanyoyin biyu ana bin su a Sakkwato, amma ba gida ɗaya suke dacewa da shi ba. Bari mu jera su abu-abu.

Ta fuskar samun ɗan haya, hani yana rage maka masu nema, musamman a gidan iyali. Matan aure da yawa a garin nan jar akuya ko tunkiya ita ce asusunsu, kuma magidancin da matarsa ke kiwo ba zai kama gidan da za a ce ta sayar da dabbobinta ba. Izini yana jawo irin waɗannan, kuma su ne masu daɗewa, don wanda ya kafa turke ba ya son tashi kowace shekara. A gidan ɗaki-ɗaki kuwa hanin ba ya rage komai. Ma'aikata da ɗalibai ma sun fi son haka.

Ta fuskar gini, nan ne maganar take da nauyi. Mutane suna tsoron kashin dabba, alhali fitsari ne ke yin ɓarnar. Yana shiga daɓen siminti da gindin katanga, ya bushe ya bar gishiri, yaɓen ya fara kumbura yana zuba kamar gari. Idan tsakar gidan intalok ne, wato duwatsun siminti da ake jerawa a kan yashi, ya fi muni, domin fitsarin yana bi ta tsakanin duwatsun ya zauna a yashin ƙasa, wanki ba ya kai masa, kuma da zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40 warin zai tashi har ɗaki. Rago yana soshe jikinsa da bango, yana tunkurin ƙofa, akuya kuma tana cin duk wani dashe, har ɓawon bishiya. Sai abinci: buhunan dusa da kowa suna kiran ɓera, harawar da aka jibge a ƙasa jikin bango tana kiran gara, wadda aka ɗora a kan rufi kuma tana riƙe ruwa da damina ta sa kwano tsatsa. Hani yana raba ka da duk wannan, in har an kiyaye shi. Izini ba ya hana ɓarnar sai an gina mata wuri. Abin da muke ba da shawara shi ne a ware kusurwa guda nesa da ɗakunan kwana da rijiya, a zuba kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 10, kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a karkatar da shi kamar santimita 2 a kowace mita zuwa wani ƙaramin rami nasa na daban mai tsakuwa. A yaɓe bangon wurin da siminti mai ƙarfi har tsayin ƙirji, a kafa turke aƙalla mita ɗaya daga katanga. Kowane rago a ba shi kamar murabba'in mita 2 da inuwa. Raguna irin Balami da Uda manya ne, in an matse su su ne za su fasa wurin. Abinci kuma a ɗora shi kan katako ko bulo, kada ya taɓa bango.

Wa zai biya wannan aikin? Mu muna ganin mai gida ya yi da kuɗinsa ya ɗan ƙara a haya, don in ɗan haya ya gina, ranar tashi sai an yi rigimar "kuɗin ginina".

Ruwa da magudana su ma a duba. Rago ɗaya da bazara yana iya shan lita 5 ko fiye a yini, ban da na wanke wurin. A gidan Arkilla wannan matsalar ɗan haya ce shi kaɗai. A Mabera, inda ake karo-karon kuɗin 'yan ga-ruwa ko na wutar jan burtsatse, mai kiwo yana shan rabon wasu ne, kuma daga nan ƙunƙuni ke farawa. Kuskuren da ya fi tsada shi ne share kashin dabbobi da ragowar harawa a tura kwata ko sokawe. Ba sa narkewa da wuri, sai su toshe bututu, ruwan farko na Yuni ya dawo tsakar gida. Mai bin hanyar izini ya rubuta cewa taki a buhu ake tara shi, a fitar duk mako. Masu lambu da manoma suna nemansa, ba wahalar rabuwa da shi.

Ta fuskar zaman lafiya, bambancin gidajen biyu ya fito sarai. A gidan iyali guda, mai kiwo shi ke shaƙar warin dabbarsa, don haka shi zai fi kowa tsabtace wurin. A tsakar gidan mutum shida, riba ta mutum ɗaya ce, ƙuda da ƙuma da kashin kaji a bakin murhu na kowa da kowa. Kuma da ka bar wa ɗaya, ba ka da bakin hana sauran biyar.

Sai dai hani yana da rauni guda, wato Babbar Salla. Duk mai gidan da ya rubuta "ba a shigo da dabba ko ɗaya" ya rubuta abin da za a karya a Zulhajji, kuma shi kansa ba zai iya cewa a fitar da ragon layya ba. Sharaɗin da aka karya sau ɗaya aka yi shiru ya mutu. Gara a buɗe ƙofar da hannu: an yarda da dabbar layya daga 1 zuwa 13 ga Zulhajji, a wuri kaza. A rubuta da watan Musulunci, don Sallar tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A ƙara da cewa jini da kayan tumbi ba sa shiga sokawe, wutar gashin raguna kuma, yadda muke kafa su kewaye da ita a nan, a hura ta nesa da bango da wayoyin lantarki, don zafinta yana tsaga yaɓe.

Idan an yi ɓarna, wace hanya ta fi kare ka? A fiƙihu ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace ta amfani na al'ada, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. To in babu takarda, zai ce kiwo al'ada ce a Sakkwato, kuma ba ƙarya ya yi ba. Rubutaccen hani yana mayar da kiwon ƙetare iyaka kai tsaye. Rubutaccen izini kuma yana bukatar ƙarin aiki: irin dabba, adadi da lamba (raguna huɗu, ba "'yan dabbobi" ba), me za a yi da abin da aka haifa, wurin da za su zauna, da kuɗin ajiya na ɓarna, misali kashi 10 cikin 100 na hayar shekara, da rasit nasa daban. A ɗauki hoton bango, daɓe da ƙofofi ranar ba da makulli, shaidu biyu su sa hannu, a rubuta cewa mai gida zai leƙa duk wata uku bayan ya sanar. Kada ka bar wa dillali wannan. Shi la'adarsa yake nema, in ɗan haya ya tambaye shi zai ce babu komai.

In an karya sharaɗi, hanyoyin biyu sun haɗu. Gargaɗi a rubuce da wa'adi, sannan mai unguwa, sannan kotu. Cire ƙofa, kwance kwano, yanke wuta ko kora dabbobin waje duk suna mayar da mai gaskiya mai laifi. Inda takarda ba ta faɗi wa'adin tashi ba, abin da aka saba a dokokin haya na ƙasar nan shi ne wata 6 ga mai hayar shekara, wata 1 ga mai biyan wata-wata, sannan sanarwar kwana 7 kafin a shigar da ƙara. Saboda haka a sa gajeren wa'adi na karya sharaɗi a cikin yarjejeniyar tun farko.

Kare kuwa kada a haɗa shi da raguna a sharaɗi ɗaya. Hadisin da ya hana ajiye kare ya togace karen farauta, na kiwo da na gona, malamai kuma sun yi saɓani kan na gadin gida, don haka maƙwabta da yawa ba za su so ba, ga almajirai da yara masu shigowa aike. A Mabera a hana, babu tattaunawa. A Arkilla, in ka yarda, sai da keji mai ƙofa, a ɗaure shi da rana, da katin allurar haukan kare wadda ake farawa yana wata 3 a maimaita duk shekara. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan cikin gari. A rubuta cewa cizo da kuɗin magani suna wuyan mai karen. In tsautsayi ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Mage ba ta kai a yi dogon zance ba, tana ma rage ɓera.

Don haka, Alhaji, Arkilla izini da sharaɗi, Mabera hani da ƙofar layya. Baiwar Allah mai kaji kuma, tunda ba a rubuta mata hani ba lokacin da ta shiga, kada a ce ta kwashe su gobe. A ce ta sa su a akurki daga yanzu, kada ta ƙara adadi, sannan sabon sharaɗin ya shiga takardar kowa da kowa ranar sabunta haya, a tara su shida a karanta musu tare.