Ruwan Na'urar Tsotse Danshi da Sauran Zaɓuɓɓuka: Wanne Ya Dace da Tankin Kifi na Gida?

Mai tankin kifi a ɗaki yakan lura cewa ruwan tankin yana raguwa kullum, alhali bokitin na'urar tsotse danshi yana cika, don haka ba abin mamaki ba ne ya yi tunanin mayar da ruwan inda ya fito. Tunanin yana da tushe, domin ruwan da ya tashi zuwa iska yakan bar ma'adanansa a tanki, kuma abin da ya fi dacewa ya cike gurbinsa shi ne ruwan da ba shi da ma'adanai, irin wanda na'urar take tarawa. Matsalar tana kan hanyar da ruwan ya biyo kafin ya sauka a bokiti.

Yawancin waɗannan na'urori suna zuƙo iskar ɗaki da fanka, su bi da ita ta kan bututai masu sanyi, inda laimar iska take komawa ɗigon ruwa. Duk abin da yake yawo a iskar, kama daga ƙura da hayaƙi zuwa turaren fesawa da maganin sauro, yana iya sauka tare da ɗigon, sannan ruwan ya kwana a bokitin da fumfuna da ƙwayoyin cuta suke samun wurin zama. Wanda ya shafa gindin bokitin da yatsa bayan wasu makonni zai ji santsin da ake nufi. Masu ƙera na'urorin da kansu suna gargaɗin kada a sha wannan ruwa.

Abin da ya fi tayar da hankali, a ganina, shi ne ƙarfe. Galibi ana yin bututan da jan ƙarfe da alminiyom, kuma ruwan da ba shi da ma'adanai ya fi saurin narkar da ƙarfen da ya taɓa. Adadin jan ƙarfe da ake amfani da shi wajen maganin cututtukan kifin teku, wato kusan miligiram 0.15 zuwa 0.20 a lita, ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi. Tun da ƙarfe ba ya bin iska, duk ƙarin ruwan da aka yi yana ɗora nasa a kan na baya, har a wayi gari ya taru ba tare da launin ruwan ya sauya ba.

Ga mafi yawan masu tanki, ruwan famfo da kwalbar maganin cire kulorin sun wadatar, kuma babu zaɓin da ya kai su sauƙin kuɗi. Sai dai a duba jikin kwalbar a tabbatar tana maganin kuloramin ma, wato wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da akan zuba a ruwan famfo kamar kulorin, domin kulorin yana fita idan ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe, amma kuloramin ba ya fita ta wannan hanya. Kifaye irin su gofi da moli da na tafkin Malawi sun fi son ruwa mai nauyin kalsiyam da magniziyam, kuma ruwan na'ura ba shi da abin da zai ba su.

Matatar RO (reverse osmosis), wadda take matsa ruwa ta cikin wani siririn marariki don raba shi da abubuwan da suka narke a cikinsa, ta dace da wanda ruwan famfonsa ya yi nauyi ƙwarai, ko yake kiwon kifayen ruwa mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adanai, irin su diskos da tetra na kogin Amazon, ko kuma tankin ruwan gishiri. Tana cire sama da kashi 90 cikin 100 na narkakkun abubuwa, amma ƙananan na gida sukan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin su ba da lita ɗaya, kuma matatunta suna buƙatar canji. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi, wanda ake sayarwa a gora, ya ishi ƙaramin tanki, amma kuɗinsa yakan yi yawa ga babba. Dukansu biyun sai an mayar musu da ma'adanai idan za a yi canjin ruwa da su, in ba haka ba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, zai riƙa hawa da sauka, kifin ya sha wahala.

Kafin a sayi ko ɗaya daga cikin waɗannan, gara a fara da kayan gwajin GH (nauyin ruwa) da KH (ƙarfin ruwa na hana pH sauyawa) da pH, domin su ne za su nuna ko ruwan famfon gidan yana da matsala tun farko. Wanda ya nace sai ya yi amfani da ruwan na'urar tsotse danshi, to ya haɗa da kayan gwajin jan ƙarfe da gawayin tacewa, ya riƙa wanke bokitin, ya taƙaita shi ga cike gurbi a tankin da babu jatan lande ko dodon koɗi, yana kuma sane da cewa gwajin ba zai nuna maganin ƙwari ba. Da kuɗin waɗannan kaya da wahalar gwaji a kai a kai, arahar da ake hange ta riga ta tafi, kuma ruwan zai fi amfani a goge ƙasa ko wankin bayan gida.