Jika biyu na kashe kan wasan "ba tambaya", ga abin da na gano

Ranar asabar ɗin da ta wuce Madam ta matsa sai mun tahi kallon tiyatar ɗin nan da ake ta turo guntun bidiyonshi a WhatsApp, wanda wani Elhaji ke laɓe bayan randa da hula a hannu. Ni dai gaskiya ban so zuwa ba, rabona da in zamna kallon wasan daɓe tun ina lakkwal, kuma masu barkwancin yanzu da yawansu ihu ne kawai da faɗuwa ƙasa da cusa tsumma cikin riga a ce tumbi ne. Amma ta ce ƙawarta ta gani har sau biyu, to in magana ta kai ga ƙawa ta gani ai ka san an gama da kai. Munka aje ɗiya wajen Iya, munka tari adaidaita daga unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi.

Tike na baya dala ɗari, na gaba jika guda. Na yanki na gaba guda biyu kar a ce maigida ya yi rowa gaban jama'a. Bari in fara da abin da ya ɓata min rai in huta. An ce takwas da rabi bayan isha'i, ba a fara ba sai goma saura kwata, muna zamne cikin ɗari ana ta sa muna waƙa guda tana ƙarewa ana maido ta. Kujerun da anka kira na gaba roba ne irin na gidan biki, tawa ma biyu anka haɗa don ta sama ƙafarta ta karye. Mikro biyu ne ga ƴan wasa biyar, suna ta miƙa ma juna kamar ludayin hura, lasifikar hannun hagu kuma tana wani ƙugi da in ka zamna kusa da ita sai ka kwana da shi cikin kunne. Wanda ya shirya wurin nan ya ci kuɗinmu bai yi aikin kuɗinmu ba, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Amma wasan kanshi, kai jama'a.

Elhaji ɗan kasuwa ne irin namu na nan, yau Lome gobe Dubai, ya dawo daga tahiya da sabon ilimi da ya tsinto a TikTok, wai can Faransa da Amurka akwai ma'auratan da ke zamnawa su yi yarjejeniya kowa shi nemi wanda ranshi ke so a waje, auren na nan, ba mai hushi da wani. Abin akwai shi can ƙasashensu, ba ƙirƙirar ƴan wasan ba ce. Shina faɗin haka wuri ya ɗauki a'uzubillahi, wani dattijo bayanmu har ya miƙe ya kaɗe riga zai hita, ɗanshi ya riƙe shi. Ni ma na ce a raina yau yaran nan sun jawo ma kansu, don a Maradi ba a wasa da irin wagga magana. Ashe sun hi mu wayo. Elhaji ba abin Turawan shi ke so duka ba, ya yanke shi ne daidai jikinshi kamar tela, ya kira Hajiya ya ce daga yau gidan nan doka guda ce, ba tambaya. Ba ina za ka, ba wa ya kira, ba mi ya sa ka yi dare. Kowa da harkarshi, zamani ne.

Mu ƴan kallo mun riga mun san dalili, wata bazawara ce shi ke nema a unguwar Zariya kuma tsoron Hajiya ya hana shi buɗe baki. Nan ne na ce wanda ya tsara labarin nan ya san mu ciki da bai. Mutumin da addini ya ba hanya a hili, aya ta 3 cikin Suratun Nisa'i ta ce biyu, uku, huɗu in za ka yi adalci, ba abin da ya rage mishi sai shi zamna shi faɗa ma matarshi shi kawo kayan faɗar kishiya shi sha hushin kwana biyu, amma ya kasa, sai da ya tahi har ƙasar Turawa ya aro dabara don kawai kar a ce mishi ina ka hito. Ba auren Turawa wasan ke ma dariya ba, ragon namiji shi ke ma, kuma irin Elhajin nan kowa na da guda a majalisarsu.

Hajiya tana zamne kan tabarma tana tsinkar zogale cikin faifai, ba ta ko ɗaga kai ba. Sai da ya gama zuba ta ce, to Elhaji, hadda ni? Ya kaɗa hannu ya ce kowa da kowa. Ta ce to don kar wani shi manta, ga asusu nan, duk wanda ya yi tambaya jika guda. Ta tashi ta ɗauko asusun ƙasa irin na yara ta girke shi tsakiyar daɓe, ta koma ga zogalenta. Wallahi yarinyar nan da ta hito a Hajiya ita ce wasan. Ba ta ihu, ba ta murguɗe-murguɗe, shirunta kawai ke kashe mutane da dariya, ta iya jira har sai wuri ya lafa sannan ta saki kalma guda kamar mai jefa tsakuwa a rijiya.

Daga nan fa Elhaji ya shiga uku. Hajiya ta sha lalle, ta turare jiki, la'asar na yi ta yafa mayahi ta hita. Dare ya yi waya ta yi ƙara, ta duba ta yi murmushi ta shige madahi tana magana ƙasa-ƙasa. Shi kuma ba halin tambaya. Sai ya koma neman yadda zai yi tambaya ba tare da ta zama tambaya ba, kuma nan ne na yi dariyar da har na shaƙe da bisaf. Shi zamna shi dubi sama shi ce, yau dai masu hita sun sha rana. Shiru. Shi ce wasu mutane da za su faɗi inda sunka tahi don kansu ai ba a hana su ba. Ta ce haka ne Elhaji, ta ci gaba da kwasar tuwo. Da ya ƙule ya ce ina butata, ta nuna mishi asusu da leɓe. Kafin tsakiyar wasa ƴan kallo sun zama ƴan haraji, da ya ɗaga murya ƙarshen magana sai ka ji wuri ya ɗauka, tambaya ce Elhaji, biya! Mata sun hi kowa ƙarhin murya, tawa na ciki.

Ana cikin haka kuran ya tahi. Mu da munka ga 2023 lokacin da anka yanke wutar da ke zo muna daga Najeriya duhu ba baƙonmu ba ne, amma gurup ɗinsu, injin wuta ke nan, ya ƙi tashi ya hi minti goma ana ja shina tari. Mutane sunka kunna hitilun waya sunka haska daɓe, sai ga muryar Hajiya cikin duhun ba mikro ba komi, Elhaji ka gani ko, kuran ma ya hita ba wanda ya tambaye shi ina za shi. Wuri ya yamutse. Sunka ci gaba da wasa haka nan cikin hasken waya, kuma in ka tambaye ni wannan minti goma ya hi sauran daɗi don lasifikar nan ta yi muna shiru.

Abin ya tuna min hirar Baba kan zamanin samariya, ƙungiyoyin matasan nan na lokacin mulkin Kunce daga 1974 zuwa 1987, da unguwa-unguwa ke da ƴan wasanta ana gasa har a kai ga bikin matasa na ƙasa, da ƴan wasa irin su Yazi Dogo da ake kallo a Tele Sahel. Ya ce su ba haddar takarda su ke ba, a shirya labari a raba ma kowa matsayinshi, magana kuma kowa shi zo da tashi. Yaran nan da alama haka su ke aiki, shi ya sa duhu bai ruɗa su ba.

Ba duka ne sunka iya ba dai. Yaron shagon da Elhaji ya sa shi bi Hajiya kan kabu-kabu shina da abin dariya a hannu, don duk inda ya bi ta sai ta juyo ta ɗora mishi kaya ta saya mishi tsire, amma ya cika zaƙewa da zare ido da tuntuɓen ƙarya. Abokin Elhaji mai ba shi shawara kuma rabin maganarshi ba a ji, mikro na hannun wani.

Wanda bai son a ɓata mishi ƙarshe shi tsallake nan. Ashe Hajiya kuɗin adashinta ta kwasa ta fara sana'ar turaren wuta da humra, mai kiran dare kuma direba ne da ke kawo mata kaya ta Ɗan Isa, kuma babbar mai sayenta ba kowa ba ce sai bazawarar Zariya, wadda ke biya da kuɗin da Elhaji ke kai mata. Tun ranar farko Hajiya ta san komi. Ta fasa asusu gabanshi tana ƙirga jikkuna, ta ce kuɗinka duk inda sunka zagaya gida su ke kwana. Da anka gane direban kaya ne, wallahi sai da na ji ajiyar zuciyar maza a layinmu, kamar kowa matarshi anka wanke.

Sai ta aje kuɗin ta dube shi ta ce, shekara goma sha biyar ina gidan nan ba ka taɓa tambayata ko na ci ba, ko mi ke damuna, sai yanzu da tambaya ta yi kuɗi ta yi maka daɗi. Ba wanda ya yi dariya. Can wata daga baya ta rangaɗa guɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Katsina na nan Maradi ranar da alƙali ke sauraren ma'aurata ya ji irin wagga magana daga bakin matan gaske, cefane da rashin kulawa sun hi kishiya kai mutane wurin.

Da nan sunka tsaya da na ce jika biyuna sun yi riba. Amma sai ga wani da rawani da tasbaha ya shigo ya tsaida mu kusan minti sha biyar shina bayanin cewa abin Turawa haramun ne, miji shi riƙe amana mata ta nemi izini. Gaskiya ya faɗa, kuma na gane dalili, garkuwa ce don kar gobe a tashi da su a gari. Sai dai wanda ya zamna awa ɗaya da rabi shina kallon Elhaji na zuba kuɗi a asusu ai ya riga ya ji wa'azin, mutane tun shina tsakiya sunka fara neman takalma.

In za ku, ku yanki na dala ɗari ku zo da wuri ku kama hannun dama, bambancin kujerar bai kai dala ɗari ba. Ku ɗauko rigar sanyi, ku bar ƙananan yara gida don akwai habaicin da za su zo suna tambayarku ma'anarshi. Masu bisaf da gyaɗa na bakin ƙofa, tsiren ne dai ya yi sanyi kafin a tashi.

Akwai wani wuri guda tun farkon wasa, Hajiya ta shigo da ruwa Elhaji ya kife wayarshi kan tabarma a hankali shina ci gaba da magana kamar ba shi ba. Ba wanda ya kula sosai, amma Madam ta yi dariya har da hawaye tana bugun gwiwata. Yau kwana huɗu ke nan, ban dai tambaye ta ba.