Kwali ko keji: ina za a ajiye tsuntsun daji mai rauni?

Wanda ya tsinci tsuntsu a ƙasa yana jan fiffike, keji ne ke fara zuwa masa a rai. Ni kwali nake zaɓa a kwanakin farko.

Tsuntsun daji bai san waya ba. Da ya hango haske ta tsakanin sandunan keji sai ya yi ta kai musu karo yana neman mafita, gashin fiffike da na jela su kakkarye, fatar saman baki ta sale. Gashin da ya karye kuwa ba ya gyaruwa sai ya zube wani ya tsiro, abin da kan ɗauki watanni. Ga idon mutane a kansa, alhali tsoro kaɗai yana iya kashe shi.

Kwali duhu ne da shi, duhu kuma yana kwantar da tsuntsu. A huda ƙananan ramuka don iska, a shimfiɗa tsumma mai laushi marar zare da zai naɗe masa farce, a ajiye a wuri mai ɗumi, don zafin jikinsa yana kai digiri 40 zuwa 42. Kada a ɗura masa ruwa: ƙofar numfashinsa tana gindin harshe, zai shaƙe.

Keji yana da ranarsa, bayan ya fara ci da kansa, in an lulluɓe gefensa da zane. Amma karaya ko cizon kyanwa sun fi ƙarfin duka biyun, sai likitan dabbobi. In ya warke, a sake shi inda aka tsince shi, da safe.