Wane gwajin jini ya kamata ƙaramin asibiti ya saya don gano sefsis a jarirai?

Jaririn da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, wato sefsis, ba lallai ne ya yi zazzaɓi ba. Sau da yawa mama zai ƙi kamawa, jiki ya yi sanyi ya saki. Ido kaɗai ba ya wadatarwa, dole mai asibiti ya san gwajin da zai zuba wa kuɗi.

Kalcha, wato a shuka jinin a ga ƙwayar da za ta tsiro, shi ne alƙali, kuma ta hanyarsa ake gane maganin da zai ci ƙwayar. Ga ƙwayar cutar Klebsiella nan tana bijire wa magunguna a ɗakunan jarirai, don haka ba a raina shi. Sai dai yana son aƙalla mililita 1 na jini, a ɗiba kafin allurar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, sakamako kuma yakan kai kwana 2 zuwa 3.

Firokalsitonin, wani sinadari da ake aunawa a jini, yakan tashi cikin awa 4 da shigar cuta. Aibinsa, a kwana biyun farko na haihuwa yana hawa ko a lafiyayyen jariri, sai an gwada shi da jadawalin awannin haihuwa, ga tsadar kayan aiki. IL-6, shi ma sinadari ne a jini, ya fi su sauri, amma kafin kwana guda ya sauka. A bar wa asibitocin koyarwa.

Ni dai CRP zan zaɓa, duk da nawarsa. Shi ma sinadari ne a jini, hanta ce ke samar da shi, sai bayan awa 6 zuwa 12 yake fara hawa, ya kai ƙololuwa a kwana na biyu. Saboda haka gwaji ɗaya mai kyau a ranar farko bai wanke jariri ba, kuma wahalar haihuwa ma tana ɗaga shi. Amfaninsa yana wajen maimaitawa: in an auna sau biyu, awa 24 a tsakani, duka ƙasa da miligiram 10 a lita, jariri kuma yana tsotso da kuzari, likita ya sami madafar tsayar da allura. Don haka a sayi na'urar da ke ba da adadi, ba mai cewa "akwai" ko "babu" kawai ba.

Kafin a biya, a tambayi dillali nawa gwaji ɗaya zai tsaya, ko sinadarin sai da firji, da yaushe wa'adinsa zai ƙare. Jaririn da ya nuna alamar haɗari kuwa, a ɗibi jini a fara allurar amfisilin da jentamaisin nan take, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada, sakamako ya tarar da shi a kan magani.