Shekara guda ina karɓar kuɗin kayana ta MyNita

Ni baduku ne, rumfata tana Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Takalma nake ɗinkawa, da jakunkunan mata da matasan kai na fata, kuma yawancin masu saye suna Yamai da Agadas. Ɗan ƙanwata ne ya sa mini MyNita, manhajar aikawa da karɓar kuɗi ta kamfanin Nita, a talho bara, bayan ya gaji da rakiyata gishe.

Da can, in na sa kaya a mota zuwa Yamai, kilomita wajen 900, kuɗin ma ta mota suke dawowa. Sai an sami amintaccen direba, a ƙunshe su a ambulan, ni kuma in zauna ina ƙirga kwana. Da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza suka buɗe gishe a unguwanni abin ya yi sauƙi, amma sai ka rufe rumfa ka ɗauki kat dantite ka bi layi. Ranar da ma'aikata suka karɓi albashi kuwa, hantsinka ya tafi.

Yanzu hajiya ta ga hoton jaka a WhatsApp, mu daidaita, ta turo kuɗi jaka 40, kafin in aje basilla saƙo ya shigo. Nan take in tura wa majemi rabonsa, ya ware mini fata. Jarina bai ƙaru da ko dala ba, amma kuɗin da suke juyawa sau ɗaya a wata yanzu sukan juya sau 3. Da wannan na ɗauki yara 2 aiki. In na ji ana zancen bunƙasar tattalin arzikin ƙasa a rediyo, ni abin da nake ganewa ke nan: kuɗi sun daina kwana a hanya, nawa da na mai wake a Mirya da na mai dabbobi a Tanut.

Manhajar kanta ba ta da wuya. Ni da ban yi nisa a lakwal ba, kwana 2 na iya ta, ko da yake Faransancin ciki sai da aka fassara mini. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane ciniki yana barin shaida, babu sauran "na turo" da "ban gani ba".

Inda gizo ke saƙa ba a wajenta yake ba. Sai da rezo take aiki, rezo kuma sai da kuran. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, kowa ya ga yadda talho ke zama dutse a aljihu. Ko watan jiya layina ya ɗauke tun azahar, wani baƙo daga Gure yana tsaye da takalmi a hannu, kuɗinsa na cikin waya, muna kallon juna. Har la'asar shiru. Na ce, "Alhaji, tafi da shi, in rezo ya dawo ka turo." Ya turo da dare, Allah ya saka masa.

Mai sana'ar da ke da abokan ciniki a nesa, ina ba shi shawara ya buɗe. Sai dai kada ya gaya wa kowa lambarsa ta sirri, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Ni dai layi 2 nake riƙewa na kamfani daban-daban, da ƴan canji a ƙarƙashin buzu.