Rumbun jaridun kuratan Amurka da ya hana ni barci

Ni ɗan bariki ne, nan Kaduna na tashi, Baba ya yi soja har ya yi ritaya, to duk abin da ya shafi ƙananan sojoji yana taɓa ni sosai. Wani abokina malamin tarihi ne ya turo min wannan rumbu na intanet, GI Press Collection, wanda Wisconsin Historical Society, cibiyar adana tarihi ta jihar Wisconsin a Amurka, ke kula da shi, ya ce in leƙa. Wallahi da niyyar minti goma na shiga, ban ankara ba sai kiran assalatu na ji.

Jaridu ne da ƙasidu da kuratan Amurka suka riƙa bugawa lokacin yaƙin Biyetnam suna cewa su fa ba su yarda da yaƙin nan ba, an tattaro waɗanda aka buga daga 1964 har 1977. Akwai Vietnam GI da Jeff Sharlet ya fara a Chikago a 1968 bayan shi kansa ya je Biyetnam ya dawo, bawan Allah bai daɗe ba ya rasu a 1969 yana da shekara 27 kacal. Akwai Fatigue Press ta barikin Fort Hood, akwai FTA ta Fort Knox, ga su nan birjik. Wani mai bincike James Lewes ne ya kwashe shekaru yana bin su yana sikanin shafi bayan shafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi wa takardun kwalliya ba, yadda suke haka suka sa su, rubutun tafireta a karkace, zanen hannu, tawada ta dushe, wani wurin har alamar ninki kana gani, sai ka tuna wani yaro ne ya cusa ta a aljihun kaki ya shiga da ita bariki gabansa na faɗuwa, domin abin ba wasa ba ne, Roger Priest sojan ruwa sai da ya gurfana gaban kotun soja a 1970 saboda jaridarsa OM. Mu da muka san yadda kurtu ke haɗiye magana gaban hafsa mun san nauyin wannan.

Kyauta ne, ba rajista ba komai. Kana rubuta kalma ya nemo maka, kana iya buɗa shafi ya yi girma. Sai dai hotunan suna shan data, kuma a waya ido yana wahala, in kana da kwamfuta ta fi. Galibi da Turanci ne, Turancin ma na bariki, akwai ashar a ciki, kar a buɗe gaban yara.

Ɗaliban tarihi, don Allah ku shiga. Ni dai ranar Asabar zan je gida Kakuri in roƙi Hajiya ta buɗe min akwatin ƙarfen Baba, wasiƙunsa na bakin daga suna ciki, gara in kai a yi musu sikanin tun gara ba ta riga ni ba.