Fitilar baya mai rada ta Garmin Varia RTL515: abin da na gani bayan shekara biyu ina hawa da ita

Shekarata hamsin da takwas, saura mini shekara biyu in yi ritaya, kuma tun da na fara lissafin yadda zan yi da safiyoyin da za su zama nawa ni kaɗai, na ƙudurta cewa keken tsere ne zai kwashi kaso mafi tsoka. Na haura shekara ashirin ina hawan keke a kan titi, ina kuma shiga gasar 'yan sha'awa sau uku ko huɗu a shekara. Ƙafafuna ba su ba ni kunya ba har yanzu, numfashina ma da sauransa. Wuya da kunne ne suka fara ja da baya, kuma su ne dalilin da ya sa na sayi na'urar da nake son yin bayaninta a nan.

Wanda bai saba da keken tsere ba yana iya ɗaukar waiwaye ƙaramin abu, amma mahayin da ya sunkuya ya riƙe ƙasan kan keke ya san cewa idan wuya ya ƙi juyawa yadda ake so, kafaɗa ce ke cike gurbinsa, kafaɗa kuma tana jan hannu, hannu ya ja kan keke, sai tayar gaba ta karkata zuwa tsakiyar titi ba tare da mahayin ya lura ba. Haka ta faru da ni wata safiya ina shirin kauce wa wani rami. Na waiga, keken ya bi ni da kimanin kamu ɗaya, a daidai lokacin da wata motar ɗaukar kaya ta zo wucewa. Ba ta taɓa ni ba, amma na ji iskarta a gwiwar hannuna, na ga ƙusoshin tayarta na baya a kusa da ƙafata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban ji ƙararta ba sam, domin iskar da ke kaɗawa a kunnen mai gudun kilomita 30 a awa tana rufe sauti, kuma jina ba kamar na da ba ne. Na tsaya a gefen hanya na daɗe hannuna yana rawa a kan birki.

Varia RTL515 fitilar baya ce ja, siririya, tsawonta bai wuce na ɗan yatsa da kaɗan ba, nauyinta giram 71, ana ɗaura ta a ƙarfen da ke ɗauke da sirdi. A cikinta akwai rada mai aika igiyoyin rediyo zuwa baya, ta karɓi waɗanda suka bugi mota suka dawo, ta lissafa nisan motar da saurin da take matsowa. Asalin dabarar ba ta Garmin ba ce. Wani ƙaramin kamfani ne na Afirka ta Kudu mai suna iKubu ya fara ƙera ta da sunan Backtracker, Garmin ya saye kamfanin a 2015, ya fitar da Varia ta farko a shekarar. RTL510 ta biyo baya a 2018, wannan kuma da nake amfani da ita ta fito a 2020, inda aka ƙara mata Bluetooth a kan hanyar sadarwa ta ANT+ da take da ita tun farko, abin da ya sa take iya magana da wayar hannu kai tsaye ta manhajar Varia, ba lallai sai mutum ya mallaki kwamfutar keke ba.

Ga yadda aikinta yake a kan titi. Da zarar mota ta shigo cikin tazarar mita 140 a bayanka, ƙaramar kwamfutar da ke kan kekenka za ta yi ƙara, gefen allonta ya koma ruwan goro, sannan wani ɗigo ya bayyana a ƙasa yana hawowa sama gwargwadon yadda motar ke matsowa. Idan motoci uku ne a jere, ɗigo uku za ka gani, kuma tana iya bin motoci har takwas a lokaci guda. Idan mota ta taho da gudu mai yawa, launin ja ne zai fito da wata ƙara daban, in kuma hanya ta yi sarari sai allon ya nuna kore. Mita 140 ba wani dogon nisa ba ne a baki, don haka na zauna na mayar da shi lokaci: idan ina tafiyar kilomita 25 a awa, mota kuma tana 80, ina da kusan daƙiƙa tara kafin ta iso ni; idan tana 100, daƙiƙa bakwai ba su cika ba. Wannan lokacin ya isa mutum ya kalli gabansa, ya zaɓi layin da zai bi, ya riƙe kan keke da kyau, ya daina duk wani abin da yake yi da hannu ɗaya.

A nan ne amfaninta ya fi fito mini, kuma ba inda na yi tsammani ba. Na saye ta ne domin ta gaya mini cewa mota na zuwa, amma abin da ya sauya hawana shi ne sanin lokacin da babu mota. Kafin in same ta, kullum a manne nake da bakin titi, inda tsakuwa da fasassun kwalabe da ramuka suka fi taruwa, saboda ban yarda da kunnena ba, kuma kowane waiwaye yana ci mini wuya. Yanzu idan allon ya yi shiru ina tafiya a inda kwalta ta fi kyau, in ɗigo ya fito in matsa gefe a hankali tun motar tana nesa, direban ma ya ga abin da nake yi da wuri. A gangara mai tsawo, inda iska ke toshe kunne gaba ɗaya kuma ɗauke ido daga hanya na daƙiƙa guda haɗari ne, na'urar ta zama kusan wajibi a wurina. Haka ma a lokacin atisaye mai tsanani, irin wanda mutum zai yi minti biyar yana taka feda da iyakar ƙarfinsa har ganinsa ya ƙuntata: a da nakan sassauta tun kafin lokaci ya cika domin in duba baya, yanzu ina kammalawa. Wani abin da ban zata ba shi ne na rage gajiya a kafaɗa da wuya bayan hawan awa huɗu, domin ashe rabin taurin da nake ji na ɗar-ɗar ne, jiki a ɗaure yana jiran abin da bai san lokacin zuwansa ba. Motoci masu lantarki, waɗanda injinsu ba ya ruri, sun ƙara sa na gode wa ranar da na ɗaura ta.

Sai dai wajibi ne duk mai niyyar saye ya fahimci iyakarta, domin iyakar tana cikin yadda irin wannan rada take aiki ne, kuma rashin fahimtarta yana iya jefa mutum cikin haɗarin da ya fi na rashin na'urar. Tana dogara ne da abin da masanin kimiyya ɗan Ostiriya Christian Doppler ya bayyana a 1842, wato sauyin da igiya ke yi idan abin da ta fito daga gare shi yana matsowa ko yana nisa, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya amo idan ta wuce ka. Ma'anar wannan ita ce abin da yake matsowa kawai take gani da kyau. Direba mai haƙuri da ya rage gudu ya bi bayanka da irin saurinka yana jiran wurin wucewa zai iya ɓacewa daga allon, har allon ya nuna kore alhali motar tana nan. Haka kuma rada ba ta ganin bayan kwana mai kaifi ko bayan tudu, kuma idan babbar hanya ta bi kusa da wadda kake kai, takan nuna motocin can a matsayin naka. Abu mafi muhimmanci, ba ta gaya maka ko direban zai ba ka fili ko zai goge ka. Nisa da sauri ta sani, ba ta san inda motar ta dosa a faɗin titi ba. Saboda haka ƙa'idata ɗaya ce kuma ban taɓa karya ta ba: idan na'urar ta ce akwai mota na yarda da ita nan take, idan ta ce babu, sai na waiga da idona kafin in tsallaka layi ko in sha kwana. Waiwayen da nake yi ya ragu daga ɗaruruwa zuwa ƙalilan, kuma waɗannan ƙalilan ɗin ina yin su a natse, na rage gudu, hannu ɗaya a kan cinya domin kan keken ya tsaya daidai.

Akwai wani batu da ya shafi masu shekaruna musamman, wanda ban cika ganin ana ambatonsa ba. Idan ji ya fara raguwa saboda shekaru, sauti mai siririn amo ne ke fara tafiya, kuma ƙarar gargaɗi ta yawancin kwamfutocin keke irin wannan siririn amon ce. Don haka mutumin da ya fi kowa bukatar gargaɗin yana iya zama wanda ba zai ji shi ba a cikin iska. Ni na warware wannan ne ta hanyar haɗa na'urar da agogon hannu mai karkarwa, wanda ke girgiza a wuyan hannuna duk lokacin da mota ta shigo; manhajar waya ma tana iya yin ƙara da karkarwa. Ido ma haka: ɗigogin ƙanana ne ga mai bukatar gilashin karatu, amma sauyin launin gefen allon ya isa a gane da wutsiyar ido, kuma da shi na fi aiki.

Fitilar kanta mai kyau ce. A yanayin walƙiyar rana tana kai lumen 65, wato ma'aunin ƙarfin haske, kuma batirinta yana kai awa 16 bisa alƙaluman kamfanin, a yanayin haske tsayayye awa shida, kuma tana sauya salon walƙiyarta idan mota ta matso domin ta ja hankalin direba. Ruwan sama bai taɓa hana ta aiki a hannuna ba. Abin da zan so a ce an yi daban shi ne ramin caji, wanda na tsohon samfurin micro-USB ne, don haka wanda sauran kayansa duk sun koma USB-C sai ya riƙe waya ta musamman dominta. Ana ɗaura ta da zoben roba da maƙali mai juyawa rubu'i, tare da ƙananan robobin da suka dace da ƙarfen sirdi zagayayye ko mai faɗi. Mai ƙaramin keke ko mai rataya jaka a ƙarƙashin sirdi ya auna wurin tun kafin ya saya, domin dole fuskar na'urar ta kalli baya sak ba tare da wani abu ya tare ta ba.

Game da gasa kuwa, gaskiya ranar tsere ba ranarta ba ce. A cikin ayarin mahaya, a kan hanyar da aka rufe wa motoci, ba abin da za ta ƙara maka, kuma kowace gasa da dokokinta game da abin da ake ɗaurawa a keke, don haka a tambayi masu shiryawa. Amma tsere awa uku ne ko huɗu, shirinsa kuwa ɗaruruwan awoyi ne a kan titin da kowa ke bi. Jerin gasannin Gran Fondo, wato tseren dogon zango na 'yan sha'awa, na hukumar tseren keke ta duniya, UCI, yana raba mahaya rukuni-rukuni bisa shekarunsu, akasari na shekara biyar-biyar, kuma waɗanda suka shiga kashi 25 cikin ɗari na farko a rukuninsu suna samun gurbin zuwa gasar duniya ta shekarar. Burina shi ne in nemi wannan gurbin a rukunin 'yan shekara 60 zuwa 64, lokacin da aiki ba zai ƙara cinye mini ranakun mako ba. Mai irin wannan buri ba abin da ke rusa masa shiri kamar faɗuwa, domin ƙashin ɗan sittin ba ya haɗewa da saurin na ɗan talatin, kuma wata uku a kwance yana kwashe ƙarfin da aka yi shekara ana tarawa. Idan muka fita atisaye da abokai nakan sa fitilar a yanayin ayari, wanda ke rage haskenta don kada ta kashe wa na bayana ido, kuma wanda ke ƙarshen layi shi ne ke sanar da sauran cewa mota na tafe.

Ba ita kaɗai ce a kasuwa ba. Garmin yana da RVR315 wadda rada ce zalla babu fitila, da RCT715 ta 2022 mai kyamara, wadda ta fi girma da nauyi. Bryton da Magene da Trek ma duk sun fitar da nasu. Madubin da ake maƙalawa a ƙarshen kan keke yana nuna abin da rada ba ta nunawa, wato inda motar take a faɗin titi, kuma na san mahaya da ke haɗa biyun, sai dai madubi ba ya kiranka, kai ne za ka tuna ka duba shi. Wanda hawansa duk a cikin cunkoson gari ne ba zai ji daɗin wannan na'ura ba, domin za ta yi ta ƙara ba tsayawa har ya daina sauraronta. Ta dace ne da mai fita hanyoyin bayan gari, inda motoci ba su da yawa amma suna gudu, shi kaɗai ko su biyu, da sassafe. Idan irin wannan mahayin ya tambaye ni ko ya fara da tayoyi marasa nauyi ko da wannan, ita zan ce ya fara saya. Ni kam duk daren da zan fita washegari, ita nake fara sawa a caji kafin kwamfutar keken, kuma sau biyu da na tashi na tarar na manta, na jinkirta fitar da awa guda har ta samu wutar da za ta kai ni ta dawo da ni.